Darasi Na Tara: Wadi Fatima, Kwarin da Ya Shayar da Jidda

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. nuna inda Wadi Fatima ya faro da inda ya ƙare;
2. bayyana yadda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin busasshen kwari, da dabarar da mutanen da suka bi suka fito da shi;
3. kawo abubuwan tarihi uku da suka auku a kwarin;
4. faɗin dalilin da ya sa idanun ruwan kwarin suka ƙafe.

Gabatarwa

Jidda ba ta da kogi, ba ta da tafki. Ruwan saman da ke sauka a kanta a shekara yawanci bai cika wuce milimita 60 ba, alhali Kano kan sami fiye da 800. Ga teku a bakin ƙofa amma ba ya shawuwa, in kuma an haƙa rijiya a cikin gari sai a tarar da zartsi. Duk da haka, tun lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, garin bai daina karɓar baƙi ba, kuma kowane baƙo da ƙishirwarsa yake sauka.

To, daga ina ruwan yake zuwa? Babban ɓangare na amsar yana can gabas da gari, a wani dogon kwari da ake kira Wadi Fatima. Da yawa daga cikinmu mun sha ratsa shi a mota a hanyar Umara ba tare da mun san sunansa ba. A wannan darasi za mu bi shi tun daga kan tsauni har bakin teku.

Daga tsauni zuwa teku

Ƙasar da ke tsakanin Ɗa'ifa da Jidda hawa uku ce. A sama akwai tsaunukan Sarawat, inda Ɗa'ifa take zaune a tsayin kimanin mita 1,800 daga saman teku, Alhada kuma ta ɗara ta tsayi. Can akwai sanyi, ruwan sama ya fi yawa, shi ya sa ake noman inabi da rumman da furen wardi. A ƙasa akwai Tihama, shimfiɗaɗɗen fili mai zafi da gumi da ya bi gaɓar Bahar Maliya, inda Jidda take. A tsakaninsu kuwa akwai tuddai da duwatsu da kwaruruka, kuma a nan Makka take.

Duk ruwan da ya sauka a fuskar yamma ta tsaunukan, gangarowa yake yi yana neman teku. A yankin Ɗa'ifa, kusa da miƙatin Ƙarnul Manazil wanda ake kira Sailul Kabir, kwaruruka biyu suke gangarowa: Nakhlatul Shamiyya ta arewa da Nakhlatul Yamaniyya ta kudu. A bakin ta kudun ne ƙauyen Zaima yake, wanda ya yi suna da idon ruwansa da ayabarsa. A ta arewan kuma akwai idon ruwan Madiƙ. Inda suka haɗu, arewa maso gabas da Makka, daga nan Wadi Fatima ya fara. A littattafan hadisi da tarihi za ku same shi da tsohon sunansa, Marruz Zahran.

Daga mahaɗar, kwarin yakan buɗe ya yi faɗi, ya wuce ta garin Jumum, kimanin kilomita 30 arewa da Makka a kan hanyar Madina. Sai ya karkata kudu maso yamma, ya bi ta Hadda da Bahra a kan tsohuwar hanyar Jidda zuwa Makka, ya fita fili ya nufi teku ta wajen Khumra, kudu da Jidda.

Wanda ya tsaya a tsakiyarsa da rani zai ga yashi da tsakuwa shimfiɗe, duwatsu baƙaƙe da jajaye sun yi masa katanga hagu da dama. Itatuwan da zai gani ba baƙi ba ne ga Bahaushe: ga tumfafiya, ga dangin magarya da kurna, ga itatuwan ƙaya masu faɗin kai da raƙuma ke ci, ga kuma arak, wanda da saiwarsa ake yin asawakin da ake sayarwa a ƙofar Harami. Ruwa dai ba zai gani ba. Amma koren ganyen nan shaida ne cewa ruwan yana kusa.

Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin yashi

Ruwan sama a nan ba ya zuwa a jere kamar damina. Sai a yi watanni ba ɗigo, rana ɗaya hadari ya haɗu a kan tsauni ya zubar da na wata da watanni cikin sa'o'i kaɗan. Dutse ba ya shan ruwa, don haka sai ya taru ya gangaro da ƙarfi, ɗauke da laka da tsakuwa da karyayyun itatuwa. Larabawa na kiran wannan ruwa mai gudu sail. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya wuce, amma ba duka yake isa teku ba. Cikin kwarin cike yake da yashi da tsakuwa masu kauri da ambaliyar dubban shekaru ta tara, a ƙarƙashinsu kuma akwai dutse mai tauri. Ruwan yakan nutse ya kwanta a kan dutsen, inda rana ba ta isa ta ƙafar da shi, yana tafiya a hankali zuwa gangare. Duk wanda ya taɓa tona yashin rafi da rani a ƙauyensu ya ga ruwa ya tsattsafo a gindin ramin, ya riga ya san sirrin.

Mutanen kwarin ba su tsaya ga tona rami ba. Ga dabarar da suka yi, mataki-mataki:

Da farko sukan je can sama, inda ƙasa ta fi tudu, su haƙa rijiya har su cim ma ruwa. Wannan ita ce uwar ido.

Daga gindinta sai su fara haƙa rami a kwance a ƙarƙashin ƙasa, ya nufi gangare, su gina gefensa da dutse su rufe samansa. Faɗinsa daidai yadda mutum zai shiga a sunkuye. Hikimar tana cikin awon gangarensa: ramin yana sauka a hankali ƙwarai, ita kuwa ƙasar da ke samansa tana sauka da sauri fiye da shi. Saboda haka, bayan tafiya mai nisa, wani lokaci kilomita da yawa, sai bakin ramin ya ɓullo fili, ruwa ya fito yana gudu da kansa, ba guga ba inji.

A tsawon ramin, kowace 'yar tazara sukan buɗe wata ƙaramar rijiya daga sama. Ta nan ake fitar da ƙasa lokacin haƙa, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ake sauka a yashe laka idan sail ya toshe hanya. Mutanen Hijaz na kiran waɗannan kafofi kharazat. Har yanzu ana ganin bakunansu a jere a wasu wurare, an kewaye su da dutse.

Dukan wannan aiki shi ake kira ain, wato ido, gonakin da yake shayarwa kuma ana ce musu khaif. Irin ginin ne aka yi wa Ainu Zubaida, wadda matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka jawo daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa. Ana samun irinsa a Iran da Oman da Maroko da Aljeriya. Mutanen Hijaz kan ce idanun Marruz Zahran sun taɓa kai ɗari uku. Ko da adadin bai cika haka ba, maganar tana nuna irin albarkar da aka san kwarin da ita.

Ku riƙe wannan batu, don za mu dawo gare shi: ido ba ya iya ɗiban ruwan da ke ƙasa da gindin raminsa. Na sama-sama kawai yake kwasa, wato rarar da ruwan sama ya ƙara. In an yi fari ya rage gudu, in an sami ruwa ya ƙaru. Ba shi da ikon cinye jarin.

Rabon ruwa

Ido yana gudu dare da rana, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Don haka aka raba shi da lokaci. Yini rabo ne, dare rabo ne, kowanne ana kiransa wajaba, ana kuma sake yanka shi zuwa sa'o'i. Idan lokacin mutum ya yi, sai ya ɗauki fartanya ya buɗe bakin lambatun da ya nufi gonarsa, ya toshe na maƙwabcinsa da laka. Idan rabonsa ya faɗo tsakar dare, to tsakar daren zai fito, domin ruwa ba ya jira. Yashe ido kuwa aikin gayya ne, kowa yana ba da ƙarfinsa ko kuɗinsa gwargwadon rabonsa.

Sa'ar ruwa dukiya ce kamar gona. Ana gadonta, ana sayar da ita, ana yin waƙafi da ita. Har ta kai malaman Makka suka yi muhawara a kan ingancin irin wannan ciniki, kuma Ibn Hajar Alhaitami, babban malamin Shafi'iyya da ya zauna a Makka a ƙarni na 16, ya rubuta risala musamman a kan hukuncin sayar da sa'a guda daga idon ruwa.

A cikin khaif, dabino ne a sama yana ba da inuwa. A ƙarƙashinsa akwai lemun tsami da ayaba da lalle, a ƙasa kuma kuɓewa da lalo da gauta da kankana. A gefen kwari, inda sail ya jiƙa ƙasa, ana shuka gero da dawa. Matafiyi Ibn Batuta, wanda daga baya ya zo Mali ya bi ta Takedda, ya ratsa kwarin a 1326. Ya bayyana shi da cewa wuri ne mai ni'ima da yawan dabino da ido mai ɓuɓɓuga, kuma daga nan ake kai wa Makka 'ya'yan itace da kayan lambu.

Tarihin da kwarin ya gani

Inda ruwa yake, nan mutane ke sauka. Masu binciken kayan tarihi sun tsinci gatura da wuƙaƙen dutse na mutanen farko a gefen kwarin. Kafin Musulunci ƙabilar Khuza'a ce ta zauna a yankin, kuma a nan kasuwar Majanna take ci a kwana goman ƙarshe na watan Zulƙida, bayan an tashi daga kasuwar Ukaz, kafin a wuce ta Zul Majaz.

A zamanin Annabi (SAW) sunan kwarin da rassansa ya yi ta fitowa. Masu tarihi sun ruwaito cewa a Nakhla ya yada zango lokacin da yake dawowa daga Ɗa'ifa, inda wasu aljanu suka saurari karatun Alƙur'ani. Hudaibiyya, inda aka ƙulla sulhu a shekara ta 6, tana nan kusa, wurin da yanzu ake kira Shumaisi. A Sarif, tsakanin Makka da Jumum, ya tare da Nana Maimuna a shekara ta 7, kuma a nan aka binne ta bayan shekaru masu yawa.

Babban abin da ya fi shahara shi ne na watan Ramadan, shekara ta 8. Annabi (SAW) ya sauka a Marruz Zahran da mutum dubu goma a hanyarsa ta buɗe Makka, ya yi umarni a hura wuta da dare. Abu Sufyan ya fito leƙen labari, ya ga kwari ya cika da hasken wuta, ya haɗu da Abbas, shi kuma ya kai shi gaban Annabi, ya musulunta. A cikin watan ne aka aiki Khalid ɗan Walid ya rushe gunkin Uzza da ke Nakhla. Akwai kuma hadisin Jabir da ke nuna sahabbai suna tsinkar 'ya'yan arak a wannan kwari, Annabi ya nuna musu cewa baƙaƙen sun fi daɗi, abin da sai wanda ya yi kiwo ne zai sani.

A zamani na kusa, a watan Nuwamba na 1925, Sarki Abdul'aziz ya sa hannu da wakilin Ingila, Gilbert Clayton, a kan yarjejeniyoyi biyu da suka shafi iyakokinsa da Iraƙi da Jodan. Ana kiransu da sunayen Bahra da Hadda, domin a nan ya kafa sansani yayin da ya yi wa Jidda ƙawanya.

Sawun kakanninmu

Kafin zuwan mota da jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da Barno kan bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, wasu su yi shekara da shekaru a hanya suna aiki suna tara guzuri, su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Tafiyar ta ƙaru bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Daga Jidda zuwa Makka kimanin kilomita 75 ne, tafiyar kwana biyu a raƙumi ko a ƙafa, kuma Bahra ce zangon tsakiya. Ke nan ruwan da ya jiƙa maƙoshin waɗannan bayin Allah kafin su sha Zamzam, na Wadi Fatima ne.

Waɗanda suka zauna a Jidda sun kafa bukkoki a bayan ganuwar gari, kuma cikin sana'o'in da suka kama akwai dako da sayar da ruwa. Ɗan garuwa a nan ana ce masa saƙƙa. Yakan rataya garwa biyu a bakin sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗebo daga bazan, wato mashayar unguwa, ya hau da shi benayen tsohon gari hawa uku ko huɗu.

Shekarar 1947 da abin da ya biyo baya

Kafin wannan shekara, mutanen Jidda sun dogara ga manyan rumbunan ruwan sama da aka gina a ƙasa, da wani ɗan ido mai suna Waziriyya da ke yawan yankewa, da kuma Kindasa, injin dafa ruwan teku da Turkawa suka kafa a 1907. Ruwan Kindasa tsada gare shi, na rumbu kuwa yakan daɗe har ya ɓaci.

Sarki Abdul'aziz ya sa aka daidaita da masu wasu idanu a Wadi Fatima, irin su Abu Shu'aib da Jumum da Abu Urwa, aka shimfiɗa bututu na fiye da kilomita 60. Ruwan ya iso Jidda a watan Nuwamba na 1947, farkon shekarar 1367 ta Hijira. Aka sa wa aikin suna Ainul Aziziyya, aka mayar da shi waƙafi don mutanen gari da alhazai. A shekarar ce kuma aka rushe ganuwar Jidda. Da ruwa ya samu, gari ya bazu. Ba a daɗe ba na Wadi Fatima ya gaza, aka ƙaro daga kwarin Khulais da ke arewa.

A cikin kwarin kuwa, manoma da 'yan kasuwa suka shiga haƙa rijiyoyi masu zurfi suna sa musu injin, tankoki suna jigila zuwa Makka da Jidda. Inji ba kamar ido ba ne: yana bin ruwa duk inda ya sauka. Da aka riƙa ɗiba fiye da abin da sama ke mayarwa, sai ruwan ƙasa ya yi ta ja da baya har ya sauka ƙasa da gindin ramukan da kakanni suka haƙa. Idanu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, dabinai da yawa suka bushe a tsaye, matasa suka tafi aikin albashi a birni. Wata masaniya 'yar Japan, Motoko Katakura, ta zauna da mutanen kwarin daga 1968 zuwa 1970, ta rubuta littafi a kan yadda rayuwarsu ke sauyawa, wanda ya fito a 1977. A shekarun 1980 gwamnati ta gina madatsa a kwarin don tare sail ya sami damar nutsewa.

Yau mazauna Jidda sun haura miliyan 3, kuma kusan duk ruwan da suke sha daga teku ake tace shi, a Jidda da Shu'aiba. Daga Shu'aiba har tura shi ake yi da injuna ya hau tsauni zuwa Makka da Ɗa'ifa. Har yanzu ana noma a Jumum da kewayenta, amma da rijiya da inji.

Kwari bai daina zama kwari ba don an ga ya bushe. Ranar 25 ga Nuwamba, 2009, ruwa ya sauka a tuddan gabashin Jidda, ya biyo ƙananan kwaruruka da aka riga aka cika da gidaje da tituna, ya hallaka mutum fiye da 100, musamman a unguwar Ƙuwaiza. Mutanen da sun san wannan, shi ya sa suke gina ƙauyukansu a gefen dutse, su bar wa sail hanyarsa.

Irin cinikin ruwan da aka yi tsakanin Jidda da Wadi Fatima, wato tsakanin birni da karkara, ba a Hijaz kaɗai ake yinsa ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun amfani Kano da manoman rani, amma sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. Gadon da Wadi Fatima ya bari ya haɗa da ramuka da duwatsu da wuraren tarihi, ya kuma haɗa da ƙa'idar da ta raya shi ɗaruruwan shekaru: a ɗebi ruwa daidai abin da ake samu, a raba shi da adalci, kowa ya sa hannu wajen gyara.

Muhimman kalmomi

- Zartsi: ruwa mai ɗanɗanon gishiri.
- Sail: ruwa mai gudu da ƙarfi a kwari bayan an yi ruwan sama.
- Khaif: gonakin da idon ruwa ke shayarwa.
- Wajaba: rabon ruwa na yini ko na dare.
- Waƙafi: dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a saboda Allah.

Tambayoyi

1. Waɗanne kwaruruka biyu ne suka haɗu suka zama Wadi Fatima?
2. Me ya sa ruwan ido yake fitowa da kansa ba tare da inji ba?
3. Faɗi amfani biyu na kharazat.
4. Me ya faru a Marruz Zahran a shekara ta 8 bayan Hijira?
5. Wane bambanci ke tsakanin yadda ido ke ɗiban ruwa da yadda inji ke ɗiba?

Lissafi

A ƙaddara wani ido yana kewayowa kowane kwana 7, kowace wajaba kuma sa'a 12 ce. Wajaba nawa ke cikin zagaye ɗaya? Idan wani manomi yana da wajaba ɗaya da rabi, ya raba ta daidai tsakanin gonakinsa uku, sa'a nawa kowace gona za ta samu?

Aikin rukuni

1. Ku zana taswira a allo, ku sa Ɗa'ifa, Makka, Jumum, Bahra da Jidda, ku ja layin kwarin daga tsauni zuwa teku.
2. Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku yadda ake samun ruwa a lokacin ƙuruciyarsu, a nan Jidda ko a garinsu na asali. Ku rubuta abin da kuka ji cikin jimla biyar, ku karanta wa aji a zama na gaba.